Matsayin Mai Zayyana a Kasuwancin Zamani



A da, aikin mai zayyana a ƙasar Hausa yana zuwa ne a ƙarshe. Sai masaƙi ya gama, maɗinki ya haɗa riga, kana a kira mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas. Haka ɗan kasuwa ba ya tuna mai fenti sai ranar kafa allon shago.

Yau al'amari ya sake. Mu dubi Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin. Manoman Illo da Lolo, a fadamar Kogin Kwara, sun ƙware a noman shinkafa. Amma shekara da shekaru masu saye a birane suna fifita ta waje, wadda ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta kan iyaka. Ban da tsabtarta, tana zuwa cikin buhu mai suna da tambari da nauyi a rubuce, alhali tamu a kwano ake auna ta, ba a san mai ita ba.

A Disamba 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar LAKE, sunan da aka haɗa daga farkon sunayen jihohin biyu. Sunan da buhun suka sa mutumin Ikko ya san abin da yake nema. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 kuwa, masana'antun gida suka shiga gasa da juna, kowace da tambarinta.

Saboda haka tun daga fari ya kamata a zauna da mai zayyana. Shi zai tambaya: wa zai saya? Buhun kilo 50 ko ƙunshin kilo 5? Me hukumar NAFDAC ta shardanta a rubuta? In kayan za su ƙetara Tsamiya zuwa Segbana, ai sai an sa Faransanci, a kuma yi alamar da wanda bai yi boko ba zai shaida.

Amma mu kiyaye: kyan buhu ba ya fid da tsakuwa daga shinkafa. Mai saye sau ɗaya ake ruɗinsa.

'Yan'uwa, in mun koma gida hutu, mu zauna da ƙungiyoyin manoma da mata masu turara shinkafa, mu taimaka musu su ba kayansu suna. In ba mu yi ba, wani zai saye a kwano, ya zuba a buhunsa, ya kwashe ribar.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.