Allura Kafin Aska: Jawabi a Bikin Yaye Ungozomomi a Taloka

   

Iyaye mata, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, amana ɗaya zan ɗora muku, ita ce jinin jariri a makonsa na farko. Kowane jariri yana zuwa duniya da ƙarancin bitamin K, sinadarin da hanta ke bukata kafin jini ya iya daskarewa. Kaɗan ne ke ratsa mabiyiya ya isa gare shi, nonon uwa kuma, duk albarkarsa, bai ɗauke da shi da yawa. Abin yana tsananta idan cikin ya zo da wahala: bakwaini, ɗan da uwarsa ta yi hawan jini ko jijjiga, wanda ya sha doguwar naƙuda ya faɗo bai yi kuka ba. Wanda uwarsa ke shan wasu magungunan farfaɗiya ko na tarin fuka kuwa yana iya fara zubar jini tun ranar haihuwa. To, cikin wannan makon ne muke kiran wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga. Yankan bai kai ƙwayar gero ba, amma sai a ga ana ta sauya tsumma, jini na tsattsafowa har la'asar, yaro ya yi fari fat, ya saki nono.

Za a ce kakanninmu ba su san allurar bitamin K ba, ga mu kuwa a raye. Haka ne, yawancin jarirai suna tsallakewa. Sai dai babu ungozomar da za ta dubi jariri ta ce wannan zai tsallake, kuma jinin da ke zuba cikin ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan makonni, ba ya nuna kansa sai ya yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allurar bitamin K miligiram 1 bayan haihuwa. Za a kuma ce matanmu a ɗaki suke haihuwa. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba maganin shafa wa cibiya har cikin gidaje, mata suka karɓa. Allura kam sai hannun wanda aka horar, shi ya sa muka taru yau.

Kada ku ɗauka allurar ta gama komai. Ɗan mai jijjiga yana iya zuwa da ƙarancin ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, bitamin K kuma ba ya maganin wannan. In cibiya ta ƙi tsayawa, ko kashi ya fito baƙi bayan kwanakin farko, ko ɗigo-ɗigon ja ya bayyana a fata, ku tura shi asibiti nan take, ko da ta kama sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Iyayenmu sarakuna, roƙonmu shi ne ku tara wanzaman Goronyo, Wurno da Rabah, ku umarce su kada aska ta taɓa jariri sai sun tambaya ko an yi masa allurar, jaririn da ya zo da wahala kuma a ɗaga masa ƙafa gaba ɗaya.