Alkaki da Nakiya a Zangon Kwatano



Duk wanda ya tashi a Zangon Kwatano ya san cewa idan biki ya ƙarato, gidan amarya ba ya barci. Tun kwanaki kafin a kai gara ake jiƙa shinkafa, a soya, a daka da citta da kanumfari da man shanu, a zuba zuma, a dunƙula nakiya. Can gefe kuma gwaggo ta zauna da ƙullin alkama tana murɗa alkaki ɗaya bayan ɗaya, yara sun kewaye ta suna jiran wanda ya karye. Kakanninmu da suka taho daga Kano da Katsina da Maraɗi fatauci, sun taho da wannan sana'a, kuma nakiya takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ta zama guzurin matafiyi.

Yau kuwa an fi gane wa biskit da alewar kwali daga kasuwar Dantokpa. Sauƙi ne, ba mu musa ba, amma tsofaffin da suka iya suna ƙarewa.

Iyaye mata, don Allah ku zaunar da 'ya'yanku kusa da turmi kafin bikin gaba.