Amsar Wasiƙunku: Kada Ka Shaidi Abin Da Ba Ka Gani Ba

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan tireda a unguwar Hubbare, cikin birnin Sakkwato. Ya ce maƙwabcinsa zai sayar da gidan gado, ya kawo masa takarda ya sa hannu a matsayin shaida. Amma ya san mai gidan yana da ƙanwa da ke aure a ƙauye, ba a kuwa faɗa mata ba. Shin ya sa hannu, ko ya ƙi?

To Malam, ka dakata tukuna. Sa hannun shaida ba alfarma ba ce da ake yi wa maƙwabci. Ma'anarsa ita ce kana wurin, a gabanka mai sayarwa da mai saye suka sa hannu ko suka dangwala yatsa, ba tare da tilas ba. Ranar da rigima ta tashi, kai alƙali zai kira. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da kafa shaidu a ciniki, ta kuma hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su.

Game da ƙanwar nan kuwa, gidan da ba a raba gadonsa ba na magada ne duka. Ko shaidu goma suka sa hannu, ba za su ba mutum ikon sayar da rabon 'yar'uwarsa ba. Ka ba shi shawara su je kotun shari'a a raba, ko ita ta zo da kanta ta yarda.

Sai maganar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin cikin birni sai da yardar gwamna ake sayar da shi ko jinginar da shi, gonar ƙauye kuma da yardar ƙaramar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo saboda rashin wannan yarda. Banki ma ke nan, balle ni da kai.

Saboda haka manoma da 'yan kasuwa, ku riƙe wannan. Kada ku sa hannu a farar takarda a ce za a cike daga baya. In da Turanci aka rubuta, a karanta a fassara a gaban kowa, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa. A je a ga iyaka da ido, da sanin mai unguwa da maƙwabta. Kowa ya riƙe kofensa.

Malam, na san ƙin maƙwabci da nauyi. Amma gara ya yi fushi da kai yau, da ka tsaya gaban alƙali gobe kana inda-inda. Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.