Cinikin Biri a Sama: Amana da Zamba a Gwanjon Intanet



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda masu saye ke faɗawa hannun 'yan damfara a kasuwannin intanet, musamman waɗanda ake gwanjo a cikinsu, sa'an nan a nuna cewa maganin wannan cuta yana nan cikin tsarin cinikin da Hausawa suka gada. Za a fara da kasuwar gargajiya, domin sai an san abin da ya tsare mai saye a can kafin a gane abin da ya rasa a nan.

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwannin ƙasar Sakkwato, kamar na Kajiji ko Shagari ko Boɗinga, ya san ba a cika sayen sa ko rago kai tsaye daga hannun baƙo ba. Dillali ne ke tsayawa tsakani. Shi ke jin tayi, ya kai wa mai dabba, ya dawo da albarka ko sallamawa. La'adar da ake ba shi ladan zirga-zirga ce, kuma ladan lamuni ce, domin idan daga baya ta bayyana dabbar ta sata ce, shi za a fara riƙewa. An san gidansa, an san iyayensa, kuma kasuwa mai zuwa dole ya dawo wurin. Wannan ne ke sa shi taka-tsantsan.

Masana na waje sun yi nazarin wannan tsari. Polly Hill ta rubuta a kan fatomai da dillalan Kumasi a 1966. Abner Cohen kuma, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda falke ke ba mahautan Yarabawa shanu bashi alhali bai san su ba, saboda maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke ɗaukar asarar. Watau dai amanar ciniki tana rataye ne a wuyan mutumin da zai yi asara idan aka ci ta.

Shari'a ma ta kafa nata shinge. Ta hana algus da tauye mudu, ta hana sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, ta kuma ba mai saye ikon mayar da haja idan ya ga aibin da aka ɓoye masa. Har ila yau ta hana najashi, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu Usmanu ke Sifawa, yana cikin malaman da suka yi rubutu a kan hisba, aikin da ya haɗa da sa ido a kan kasuwa.

To, da aka zo kan intanet sai dillali ya ɓace. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, shi ya yaɗa gwanjo tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Nan da nan najashi ya sami sabon gida, tun da mutum guda na iya buɗe sunaye da yawa ya riƙa taya kayansa da kansa. A shekarar 2000 wani lauya mai suna Kenneth Walton ya sa wani zane a gwanjo, aka shirya shi yadda za a ɗauka aikin shahararren mai zane Richard Diebenkorn ne. Shi da abokansa suka yi ta ƙara tayi da sunayen ƙarya, har kuɗin ya haura dala 135,000. Asiri ya tonu, aka soke cinikin, kuma a 2001 ya amsa laifinsa a gaban kotu. Don toshe irin wannan ɓaraka ne kamfanin ya dogara da shaidar da masu saye ke rubutawa a kan mai sayarwa, ya kuma sayi PayPal a 2002. Ke nan sai da suka koma neman mai tsayawa tsakani.

A Nijeriya, Jumia da Konga sun fara aiki a 2012, Jiji kuma a 2014, ga kuma cinikin da ake ƙullawa a Facebook da WhatsApp, inda babu mai lamuni ko kaɗan. Hukumar Kwastan ta buɗe gwanjonta na intanet a 2017 don sayar da kayan da aka kama. 'Yan damfara kuwa sun daɗe suna fakewa da sunan hukumar. Sukan sa hoton mutum da kayan sarki, su jera motoci ko buhunan shinkafa a farashi mai rahusa, su ce a fara aiko da kuɗin takarda. Da an aika sai a nemi na dako, daga nan sai waya ta mutu. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa ba ta gwanjo ta hannun ɗaiɗaikun jami'ai a irin waɗannan shafuka. Ma'aikacin da ya tara albashin watanni don sayen mota, da ɗalibin da ke neman kwamfuta mai araha, su ne aka fi farauta, domin buƙatarsu ta fi ƙarfin aljihunsu.

Dokoki suna nan. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai hukumar EFCC, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014 tana taimakawa wajen gano mai asusu. Amma doka takan zo ne bayan kuɗi ya fita, kuma ɗan damfara yakan kwashe shi cikin ɗan lokaci zuwa wasu asusai.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai saye ita ce wadda ake yi a kara: wa ya tsaya wa wannan mutum? Idan kayan na kusa ne, gani ya kori ji. A haɗu a bainar jama'a, a duba, sa'an nan a biya. Idan na nesa ne, a aiki ɗan'uwa ko wani amintacce da ke garin ya gani da idonsa, ko a zaɓi biya bayan kaya sun iso. Kada a yarda a fitar da ciniki daga shafin da ke riƙe kuɗi har a karɓi kaya, komai rangwamen da aka yi alkawari. A duba ko sunan da ke kan asusu ya yi daidai da na mai sayarwa, domin hukuma ba ta karɓar kuɗin gwanjo a asusun wani mutum. Farashin da ya faɗi ƙasa ainun da gaggawar da ake ɗora wa mai saye alamu ne na tarko. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. A kuma adana saƙonni da shaidar biya. Wanda aka cuta ya garzaya bankinsa nan take, ya kai ƙara ga 'yan sanda, kada kunya ta sa shi yin shiru, domin shirunsa ne ke ba macuci damar cutar na gaba.

Daga ƙarshe, ana kira ga ɗalibai da ma'aikata, waɗanda su ne ake kawo wa waya a karanta a ƙauyukansu, da su riƙe wannan aiki na dillalin kirki: su duba wa iyaye da maƙwabta kafin a aika da ko kwabo. Allah ya kiyaye mu da sharrin maha'inta.