Rikicin Zare a Keken Ɗinki: Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiyar 'Yan Kwaya

Muna gaida 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da suka iso daga Kano da Damagaram da Yamai, da waɗanda takardan nan za ta iske su a can inda suke neman abinci.

Maganarmu ta yau a kan keken ɗinki ce. Da yawa daga cikinku sun tara kuɗin guminsu, suka sayi keke a kasuwar Sabon Gari ta Kano, suka biyo da shi ta Babura da Tinkim har gida, domin mata ko ƙanwa ta sami abin yi. Wata biyu ko uku, sai ka ji an ce keke ya lalace, zare yana cukurkuɗewa. A rufe shi da tsohon zane, ya zama wurin ajiye kwanoni, kayan salla kuwa a kai su Magaria ɗinki. Alhali sau da yawa ba abin da ya karye a cikinsa, jan zare ne kawai ya rikice, kuma gyaransa ba ya cin ko dala.

Sai mu fara da yadda keke yake ɗinki, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran. Zare biyu ne suke aiki. Ɗaya yana saukowa daga sama ta cikin allura, ɗaya yana fitowa daga kwarkwaron da ke ƙasa cikin gidansa, wanda telolin Damagaram suke kira nabet, na Kano kuwa su ce shatil. Duk sokawar allura, zaren nan biyu suna sarƙewa sau ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ne ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1846, Isaac Singer ya fito da nasa keken a 1851. Baƙaƙen kekunan nan namu masu zanen ruwan zinari, irin su Butterfly na Shanghai ta ƙasar Sin, an kwaikwayo su ne daga wani tsohon Singer mai lamba 15, shi ya sa gyaransu duka iri ɗaya ne. To, zaren nan biyu kamar mutum biyu ne masu jan igiya. In ƙarfinsu ya zo daidai, ƙullin yana ɓuya a tsakiyar yadi, ba a ganinsa ta sama ko ta ƙasa. In ɗaya ya fi ƙarfi, sai ya jawo ƙullin zuwa gefensa.

Ga inda ake yawan ruɗewa, muna roƙo a saurara da kyau. In aka juya yadi aka ga zare ya yi gammo a ƙasa, ya taru kamar sheƙar tsuntsu, nan da nan sai a ce laifin kwarkwaro ne, a ɗauko turnabis a hau kwance shi. Ba shi ba ne. Zaren da ya taru a ƙasan nan na sama ne, ya yi sako-sako, ba abin da ya riƙe shi ya koma da shi sama. Wanda bai yarda ba, ya sa jan zare a sama da fari a kwarkwaro, ya ɗinka taƙi guda a kan ƙyalle, ya juya ya duba. Wannan gwaji na launi biyu shi ne abu na farko da ya kamata a yi kowane lokaci, domin shi ke nuna mai laifi.

Me ke sa na sama ya saki? A jikin keke akwai wasu faifai biyu na ƙarfe, ƙanana, masu matse zare a tsakaninsu, da noti a kansu. In takalmin keke yana sama, faifan suna buɗe; in an sauke shi, sai su matse. Wanda ya zura zare takalmi yana ƙasa, zaren ba zai shiga tsakanin faifan ba, sai ya hau kansu ya wuce. Saboda haka a ɗaga takalmi, a zare zaren duka, a sake zura shi tun daga farko, kada a tsallake ɗan wayan nan mai tsalle da ke jikin faifan, ko hannun nan mai hawa da sauka. Sa'an nan a sauke takalmi a ja zaren da hannu. In an ji ya yi nauyi, ya shiga. In ya zo salin-alin, bai shiga ba, ko kuwa akwai datti a tsakani. Mu nan ba sai an gaya mana abin da hunturu ke yi ba. Ƙurar da ke shiga kunnuwanmu ita ke shiga faifan nan, ta haɗu da burbushin zare ta hana su haɗuwa. A ninka ƙyalle mai tsabta a goge tsakaninsu.

Sai bayan an yi wannan duka za a taɓa noti. Juyawa dama, watau yadda hannun agogo ke tafiya, yana ƙara matsi. Hagu yana sassautawa. Wasu kekuna suna da lamba daga 0 zuwa 9, galibin ɗinki kuwa wajen 4 yake zama. A juya kaɗan, a gwada a ƙyalle, a sake juyawa. In kuwa zaren sama ya kwanta miƙe a kan yadi, ana ganin ɗigo-ɗigon na ƙasa ya leƙo, to an matse da yawa, sai a sassauta. Haka kuma in yadi marar kauri yana tattarewa a bakin ɗinki, ko zare yana yawan tsinkewa.

Gidan kwarkwaro yana da ɗan ƙaramin bis a kan wani ƙarfe falale, wanda zare ke bi ta ƙarƙashinsa. A ganinmu, wanda bai daɗe da fara ɗinki ba ya ƙyale shi. In lalle sai an duba, a riƙe bakin zaren a bar gidan yana reto. In ya zube ƙasa da kansa, ya yi sako-sako. In an ɗan girgiza hannu bai motsa ba sam, ya matse. Daidai shi ne ya sauko kaɗan ya tsaya. Rubu'in juyi ya isa, kuma a yi aikin a kan faranti, domin bis ɗin nan in ya faɗa cikin rairayi sai dai a yi haƙuri da shi.

Akwai abubuwan da suke kama da rikicin jan zare amma ba shi ba ne. Allura mai lanƙwasa ko wadda bakinta ya dakushe tana tsallake ɗinki. Allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya, ta wannan gefen ake zura zare. In an sa ta a juye, zare zai riƙa tsinkewa. Lamba 14 ta dace da atamfa, 16 da shadda mai ƙarfi da kaki, 11 da yadi marar kauri. Kwarkwaron da aka naɗa da hannu, gefe ɗaya ya yi tudu, ba ya warwarewa daidai. Ku da kuke sayo mana kaya a birni, ku tafi da tsohon kwarkwaro a aljihu ku gwada, domin ba duka ne girmansu ɗaya ba, ku kuma guji zaren auduga da ya daɗe yana shan rana a tebur.

Sai maganar mai. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce, man gyaɗa yana kusa da hannu a kowane gida, amma kada ya shiga keke. Yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, ya kama ƙura, ya riƙe ƙarafa. Farin man keke na 'yar kwalba shi ne nasa, ɗigo ɗaya a kowace huda, kuma kada ya taɓa faifan matse zare.

In an bi duk wannan, amma allura tana bugun ƙarfe a ƙasa, ko ba ta ɗauko zaren kwarkwaro ko kaɗan, to saitin cikin ne ya goce. Wannan aikin mai gyara ne. A cire kan keken daga teburinsa, a naɗe shi cikin bargo, a kai shi Magaria.