Mu Bar 'Ya'yanmu Mata Su Koyi Gini da Aikin Injiniya



Roƙo ɗaya na kawo muku yau: idan yarinya ta nuna kai a lissafi da aikin hannu, kada mu tare mata hanya.

Ba mu manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma. A tsakar gida aka riƙa niƙa duwatsun zinariya, wurin da mata suke dafa abinci, yara suna rarrafe. Ba magani kaɗai ya tsayar da mutuwar ba. Sai da masu ilimin injiniya suka auna ƙasa, aka kankare mai guba, aka zuba sabuwa. Kun san gidaje da yawa a nan ba shiga ne. Mace mai wannan ilimi za ta shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

A daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Sake gini yana bukatar wanda ya san tushe, magudanar ruwa da awon siminti.

Wani zai ce gini aikin maza ne. To, su wa suke daɓe a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni? Mata ne. Ku duba Nehemiya 3:12, za ku ga Shallum ya gyara garun Urushalima tare da 'ya'yansa mata. A zamaninmu ma, Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyin Najeriya a 2024.

Makarantun ba su da nisa. Akwai kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da kwalejin ilimi ta koyon sana'a a Gusau wadda ta mata ce zalla.

Saboda haka, dattawa, kowace ikilisiya ta zaɓi yarinya ko da ɗaya ce, ta ɗauki nauyin karatunta. Iyaye mata, ku rage mata talla ta samu lokacin karatu. Magina da ke cikinmu, ku karɓi almajirai mata, ku tsare mutuncinsu a wurin aiki.

Allah ya taimake mu.