JAWABIN MALAMAN AJIN YAMMA A TARON IYAYE: YADDA MUKE KOYAR DA LITTAFIN SHAIHU UMAR

  

An ba mu 'yan mintoci mu yi bayanin abin da muke yi da yaranku ran Asabar da Lahadi bayan la'asar. To, za mu fara da abin da ya tayar mana da hankali har muka buɗe ajin. Wani dattijo a nan Sabo ya sami saƙo a waya daga 'yan'uwansa na Kano, ya miƙa wa jikansa ya karanta masa. Yaron nan yana babbar sakandare, Turanci kamar ruwa, Yarabanci kuwa ba a magana. Amma da ya zo kan Hausar sai ya kama in'ina, inda aka rubuta baƙi ya ce baki, ƙafa ya ce kafa. Tsohon ya karɓe wayarsa ya tafi neman wani. Jama'a, wannan unguwa tun 1916 take nan a Ibadan. Harshen bai bar bakinmu ba, alhamdu lillahi, amma yana neman barin idon 'ya'yanmu da hannunsu.

Da muka zauna shawara, sai muka ga koyar da baƙaƙe tsura ba zai riƙe yaro ba, sai an haɗa da labari. Muka zaɓi Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya rubuta shi ne yana malamin makaranta a Bauci, domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga a 1934. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Yaranmu sun san Tafawa Ɓalewa Firayim Minista ne da aka kashe a 1966, suna ganin hotonsa a takardar naira biyar, amma babu wanda ya san ya taɓa rubuta littafi. Wannan mamakin kaɗai ya jawo mana su.

Dalilin zaɓen kuwa a fili yake. Labarin yaro ne da aka raba da gida, ya bi ta Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi, ya girma a baƙuwar ƙasa ya zama malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ta faɗa cikin bauta. Wane ne a cikinmu bai san zafin nisa da gida ba?

Ranar farko ba ma raba littafi. Mukan zaunar da su mu ba su farkon labarin da baki, yadda almajirai suka tambayi Shaihun asalinsa, sai mu yi shiru. In sun matsa, sai mu ce ai sauran yana cikin takarda, ga ta nan. Daga nan malam ya karanta shafi guda da ƙarfi su ji yadda ake hawa da sauka da murya, sannan su karɓa bi da bi. Da farko mun yi kuskure, mukan tare yaro a kan kowace kalma da ya karya. Sai muka lura marasa ƙarfin sun daina zuwa don kunya. Yanzu mukan bar shi ya kai aya, mu tara gyaran a allo ba tare da kama suna ba.

Kowane yaro yana da ɗan littafin rubutu da muke kira rumbu. Duk kalmar da ta shige masa duhu, ko a littafin ko a bakinmu, ya zuba ta ciki. Mu kuma ba ma fassarawa. Mukan ce je ka tambayi kakarka. Ayari, madugu, zango, fatake, fansa: waɗannan ai kalmomin gidanku ne, da fataucin goro da na shanu aka kafa unguwar nan. Wata yarinya ta dawo da shafi biyu cur a kan madugu kaɗai, don ashe kakan kakanta ya ja ayari zuwa Gwanja, ita ba ta taɓa ji ba sai ranar.

Sai rubutu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Ba ma cewa su taƙaita babi, domin sai su kwafe na juna. Mukan tsaya a daidai inda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari, mu ce kowa ya rubuta abin da yake zaton zai biyo baya. Wani satin kuma mu ce ka zama uwar Umar, ka rubuta wa ɗanka wasiƙa alhali ba ka san ko yana raye ba. Wallahi akwai wasiƙar da malam ya kasa ƙarasa karantawa a gaban aji. Mun kuma sa sun zana taswirar tafiyar, daga Kagara zuwa Kano har Tarabulus da Masar. Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zauna da babban gidansu ya rubuto yadda suka zo Sabo, daga wane gari, a kan wace sana'a.

Akwai fim ɗin littafin, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. Ba ma yarda a kalla sai an sauke karatu, in ba haka ba wa zai koma takarda?

Mun ji ƙorafi iri biyu, kuma ba za mu ɓoye ba. Wasu sun ce me ya kai mu koya wa yara zancen bayi da harin kama mutane. Mu dai a ganinmu abu ne da ya faru a ƙasarmu, marubucin ma bai rufa shi ba, kuma gara yaro ya ji a bakin malaminsa da ya ji a bakin mai yi masa gori a makaranta. Wasu kuma sun ce muna cin lokacin Islamiyya da tatsuniya. Shi ya sa muka zauna da malaman allo muka raba lokaci, in ladan ya kira magariba mun tashi. Sannan ku tuna, gwarzon littafin nan kansa malamin addini ne.

Yanzu ga roƙonmu. Littattafai ba su isa ba, yara uku huɗu kan taru a kan guda, wasu shafukan har sun yage. Alhazanmu masu lodi zuwa Arewa, don Allah in kun shiga Kano ko Zariya ku tambaya a kantin littattafai. Bugun kamfanin NNPC ne na Zariya, ba fa na man fetur ba. Ko guda biyu mutum ya riƙo ya taimaka. Iyaye mata kuma, in yarinya ta zo da rumbunta tana tambaya, kada a ce mata ana aiki, a ba ta amsa ko ana tuƙa tuwo. A kuma ɗaga wa 'yan talla ƙafa a ranakun nan biyu, su ne suka fi yawan fashi.

Ran Asabar mai zuwa yara biyar za su karanta tarihin gidajensu a zauren ƙungiya bayan la'asar. Muna gayyatar kowa, musamman kakannin da aka yi hira da su, domin in akwai gyara su gyara a wurin.